Shekarar da Na Ɓata Sunan Kawunku Garba

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma duk cikin littafin nan shi na fi ja wa ƙafa. Kun taso kuna ganin kawunku Garba, ƙanen mahaifiyarku, ba ya taka gidanmu na Boɗinga ko da salla. Kun kuma taso kuna jin wata magana tana yawo, wai ya taɓa kawo wa makarantar da nake koyarwa ruɓaɓɓen kaya. Ke Asma'u kin taɓa tambayata kina ƙarama, na aike ki ɗebo ruwan da ba na jin ƙishirwarsa. Kai Bello ba ka taɓa tambaya ba, amma na ga yadda kake gaishe shi da gefen baki in kun haɗu wurin suna. To ku buɗe kunne. Maganar nan ƙarya ce, kuma daga bakina ta fito.

A shekarar ina koyar da lissafi a wata makarantar 'yan mata a Shagari. Kullum in hau babur da safe daga Boɗinga, in dawo bayan la'asar. Sai aka kawo mana kwamfutoci goma sha biyu, tsofaffi, waɗanda wani ofis ya gama cin moriyarsu. Shugabar makaranta, Hajiya Kulu, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya a ɗakin malamai, ta ce tunda ni ne malamin lissafi ai ni ne malamin kwamfuta, sai ka ce uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ban musa ba, don a lokacin ina da son a ce na iya. Kayan sun zo da sharaɗi: ƙarshen zango masu duba makarantu za su zo, in sun tarar 'yan matanmu ba su iya rubuta wa kwamfuta ko ɗan gajeren umarni ba, za a kwashe su a kai wata makaranta cikin Sakkwato.

Ku da kuka tashi da waya a hannu kun fi ni sanin cewa kwamfuta tana da yarukan da ake yi mata magana da su. Yaren da aka ce mu koyar akwai shiryayyensa, wanda sakawa kawai za ka yi ya fara aiki, amma ya ƙi hawa kan tsofaffin namu. Abin da ya rage shi ne a samo tushensa, wato ɗanyen rubutun da aka gina yaren da shi, kowace kwamfuta ta gina nata da kanta. Kamar dai ka sayi gero maimakon fura, kai za ka surfa, ka daka, ka dama. Aikin mataki biyu ne. Da farko kwamfutar za ta binciki kanta, ta ga me take da shi me ta rasa, ta daidaita ginin da ƙarfinta. In wannan ya wuce lafiya sannan ta shiga ginin. Duk wannan ba ni na sani ba, kawunku ne ya zaunar da ni ya yi mini bayani.

Garba a lokacin yana da ɗan shago a kasuwar Boɗinga, yana gyaran waya da kwamfuta. Babu wanda ya koya masa, da karambani ya fara har ya zama gwani, kuma mutane daga Sifawa da Dingyaɗi sukan kawo masa aiki. Da na ba shi labari, washegari ya rufe shago ya tafi Sakkwato inda intanet ke da ƙarfi, ya sauko da tushen, ya kawo mini a kan filash, dunƙule guda a ɗaure. Hajiya Kulu ta ji daɗi har ta yi masa alkawarin shi zai riƙa kula da kwamfutocin makarantar. Na tuna yadda ya miƙo mini filash ɗin da hannu biyu a zauren gidanmu.

"Yaya Malam, ga shi nan. Ka kwance shi bisa kwamfutar da za ka yin ginin. In ta hwaɗi wani abu da ba ka gane ba, ka kira ni, kak ka ji kunya."

Na ce masa to. Amma a raina na riga na ƙudura ba zan kira shi ba. Ina malamin sakandare, ina mijin yayarsa, na girme shi da shekara goma sha wani abu, a ce shi ne zai riƙa nuna mini hanya a gaban ɗalibaina? Wannan girman kai shi ne mafarin komai.

A ɗakin akwai wata kwamfuta bakin ƙofa. Ita ta fi rauni, ba ta da ƙarfin yin ginin, amma madannanta sun fi laushi kuma iska ta fi kaɗawa a wurin, sai na mai da ita teburin aikina. A kanta na kwance dunƙulen, saɓanin abin da Garba ya ce, na kwafe fayilolin na bi sauran goma sha ɗayan ina zuba musu. Matsalolin farko na ci ƙarfinsu. Binciken ya tsaya ya ce bai ga wani ɓangare da ke matse fayil ba, na bi takardar bayani layi-layi da ƙamus a gefe har na gano an ajiye ɓangaren a wata jaka daban, na nuna masa. Ya ƙara tsayawa, yana neman manhajar da ke yin ginin a inda ba ta, na rubuta masa hanyar da zai bi. Duk gyaran da zan yi, a kwamfutar bakin ƙofa nake yi, in sake kwafewa in rarraba. Kaina ya fara kumbura. Har na fara ce wa mahaifiyarku aikin ƙanenta ba wani abin a zo a gani ba ne.

Sai ga wadda ta fi ƙarfina. Duk kwamfutar da na sa wa binciken, ba ta minti ɗaya sai ta tsaya ta rubuto magana guda da Turanci. Ma'anarta ita ce: fayil ɗin da na ƙirƙira yanzu-yanzu ya girmi fayilolin da ka ba ni, duba agogonka. Na duba agogon hannuna. Na duba na bango. Na buɗe agogon kwamfutoci goma sha ɗayan nan, rana da wata da shekara duk daidai. Ta bakin ƙofa kuwa na ɗan kalli kusurwarta, na ga ƙarfe goma da kwata, agogona ma goma da kwata, na wuce. Ban buɗe na ga shekara ba, tunda ai ba a kanta ake ginin ba. Sati uku ina wannan zagaye. Na goge, na sake zubawa, na canja abin da bai kamata in taɓa ba, na mayar. 'Yan mata su zo su zauna gaban baƙin allo, ni kuma in rubuta musu umarnin da alli su kwafa a littafi.

Wata Laraba Hajiya Kulu ta tare ni a ɗakin malamai, mutane cike, ana shan shayi.

"Malam Sani, zango na ta tahiya. Mi ag gaskiyar maganar kwamfutocin ga? In abin ya hi ƙarhinka ka hwaɗa muna, mu nemi wani."

Kalmar nan ta "ya fi ƙarfinka" ita ta soke ni. Na ji idanun abokan aikina a kaina, na ji wani yana danne dariya cikin kofi. Ban yi shawara da zuciyata ba bakina ya buɗe.

"Ranki shi daɗe, aikina ba shi da matsala. Kayan da Garba yak kawo ne ruɓaɓɓu. Ita kanta kwamfutar ta hwaɗi, hwayilolin da anka ba ta ba daidai suke ba. Wa ya sani ma ko da cuta ciki."

A lokacin rabin zuciyata ta yarda da abin da na faɗa, ba zan ɓoye wannan ba, amma ba zan fake da shi ba. Ban bincika ba, ban kira shi ba, na dai ga wurin da zan sauke kaya na sauke. Magana kuwa ba ta kwana a Shagari ba. Malamanmu da yawa a Boɗinga suke zaune, kuma duk wurin Garba suke kai wayoyinsu. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, ana cewa kada ka kai wa Garba kwamfuta, zai sa mata cuta. Hajiya Kulu ta janye alkawarinta. Shi kuwa ya zo gida da hantsi ranar Asabar, ya tsaya a zaure bai ko zauna ba.

"Yaya Malam, na ji abin da anka ce ka ce. Ka bar ni in tahi in duba, ko da awa guda. In ni nib ɓata, ni ka gyarawa."

"Ka yi abin da ka iya," na ce masa. "Ka bar muna sauran."

Ya kalli ƙasa, ya ce Allah shi ba da sa'a, ya fita. Mahaifiyarku tana bayan labule, ta ji komai. Da ta kawo mini abinci ta ajiye kwanon da ɗan ƙarfi.

"Malam, ka tabbata? Yaron ga tun yana ƙarami ko rediyo yab buɗe sai ya mai da kowace ƙusa wurinta."

Na ce mata ta bar maganar da ba ta sani ba. Ta bari, amma daga ranar ta daina tambayata yadda makaranta take.

Kwana tara bayan haka na isa makaranta da wuri, don na rage wa wani maƙwabci hanya zai kama motar safe. Na tarar ɗakin kwamfuta a buɗe, janareto yana ruri. Mai riƙe da makullin ɗakin shi ne Malam Haliru, malamin Larabci da addini, dattijo mai farin gemu wanda saura masa shekara ɗaya ya ajiye aiki. Shi ya koya mini alif da ba a firamare, kuma don amanarsa aka ba shi makullin. Kullum shi ke buɗewa, ya share, ya kunna komai kafin mu zo, ba wanda ya sa shi. Na same shi zaune gaban kwamfutar bakin ƙofa, tabarau a kan hanci, yana danna madannai da yatsa ɗaya.

"Allah shi gahwarta Malam, mi kake yi?"

Ya waiwayo fuskarsa cike da fara'a.

"A'a, Sani, ka yi sammako. Wagga baiwar Allah mantuwa gare ta. Sauran duk suna tashi da kansu, ita ko kullum sai ta tambaye ni kwanan wata. Ni ko ba ni yi mata ƙarya. Yau sha ɗaya ga Jimada Awwal, ga shi na sa mata, wata na biyar."

Na matsa kusa na duba. Ƙaramin batirin da ke riƙe mata lokaci ya mutu, shi ya sa duk sanda aka kashe janareto sai ta manta ranar da take. Malam Haliru kuwa tun da yake bai taɓa lissafa kwanakinsa da watan Bature ba. Ranar Hijira yake sa mata, da watan Hijira, a gurbin shekara kuma ya sa lambobi biyun ƙarshe na shekarar Hijira. Kwamfutar ta karɓa a matsayin shekarar Miladiyya, ta tsallaka gaba da sama da shekara ashirin. Sa'a da minti kuwa daga agogon hannunsa yake ɗauka, shi ya sa na gan su daidai. Duk fayil ɗin da na kwance ko na gyara a kanta, ta buga masa hatimin shekarar da ba mu kai ba. In na kai wa sauran, su ga fayil daga gaba, su ce lalle agogonsu ne ya lalace, su ƙi motsi. Abin da suke ta gaya mini ke nan fiye da sati huɗu.

Na ce wa Malam ya kyauta, Allah shi saka, daga yau ni zan riƙa sa mata. Da ya fita, na ɗauko filash ɗin kawunku, na ɗauki dunƙulen nan yadda ya kawo shi, na kwance shi kan ɗaya daga cikin masu lafiya kamar yadda ya ce tun farko, na maimaita gyare-gyarena biyu. Binciken ya wuce sumul. Ginin ya ɗauki har bayan azahar, rubutu yana ta gudu a allo, ina zaune ina kallo ban ko fita shan ruwa ba. Da ya gama na rubuta ɗan umarni, na ce ta tara lambobi daga ɗaya zuwa ɗari. Ta ba ni amsa kafin in ɗauke yatsa. Kayan Garba ne, ko ɗigo ban canja a cikin tushensu ba.

A nan ne na yi zaɓin da nake rubuta wannan babi dominsa. Ofishin Hajiya Kulu taku ashirin ne daga inda nake zaune. Da na tashi na je na ce ga abin da ya faru, da maganar ta mutu a ranar. Sai na ce wa kaina, in na faɗa, Malam Haliru zai zama abin dariyar ɗakin malamai, a ce tsoho ya kai kwamfuta lahira ya dawo, ga shi yana dab da barin aiki da mutuncinsa. Wannan dalilin yana da kyau, na rungume shi. Amma ina iya faɗin gaskiya ba tare da na ambaci sunansa ba. Ina iya cewa batir ne ya mutu, agogo ya rikice, Garba ba shi da laifi. Abin da ya hana ni shi ne zan koma ɗakin nan da ake shan shayi in ce ni ne ban duba shekara ba, ni ne na ƙi bin maganar ƙanen matata. Na je ofishin, na ce mata na samo wani tushen mai kyau, aiki ya kammala.

Masu dubawa suka zo, 'yan matanmu suka rubuta umarni a gabansu, kwamfutoci suka zauna a Shagari. Aka yaba mini a taron iyaye. Wasu daga cikin 'yan matan nan yau da wannan ilimin suke ci, kuma ina farin ciki da haka har zuciyata. Garba kuwa aiki ya yi ta ja baya a hannunsa. Bai kai damina biyu ba ya rufe shagon, ya koma Kajiji wajen dangin mahaifinsu, ya kama noman albasa. Mahaifiyarku takan je ta gan shi, ta dawo ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba. Malam Haliru ya ajiye aiki, bayan 'yan shekaru Allah ya yi masa rasuwa, bai taɓa sanin abin da yatsansa ya haddasa ba. Ranar da muka dawo daga jana'izarsa na san uzurina ya bi shi kabari, amma duk da haka na ci gaba da yin shiru. Shiru in ya daɗe sai ya zama kamar ɗaki a cikin gida, kowa ya san da shi, ba mai buɗewa.

Bara, bayan ciwon nan da ya kwantar da ni kuka yi ta zarya asibiti, na kira mahaifiyarku na gaya mata komai. Ina jiran faɗa, ban samu ba. Ta gyara ɗaurin kallabinta kawai.

"Ba ni ka biɗar wannan magana ba, Malam. Mai ita na Kajiji."

Da na samu ƙarfi na sa aka kai ni a babur. Na tarar da shi a gona, yana jan ruwa tsakanin kwamin albasa, gashinsa ya yi fari fiye da nawa. Ya yi mini maraba kamar jiya muka rabu, ya shimfiɗa mini buhu a inuwar dogon yaro. Na ba shi labarin tun daga kwamfutar bakin ƙofa har ofishin Hajiya Kulu, ban rage komai ba. Da na zo kan Malam Haliru da watan Jimada, sai ya fashe da dariya, ya riƙe ciki, har hawaye.

"Hijira! Wallahi ko shekara nawa zan yi ina tunani ba ni kawo wagga. Allah shi jiƙan Malam."

Na ɗan ji sauƙi, na ce to ya yafe mini. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ai ba komai. Sai dariyar ta tsaya. Ya ɗauki wani ɗan dutse yana wasa da shi, sannan ya tambaye ni a hankali.

"Yaya Malam, ka ce wanda nik kawo shi yah hau? Shi kanai, ba wani ba?"

"Shi kanai, Garba. Ban canja komi ba."

"To ni ban san haka ba. Ni ban yi hushi da kai ba, na ɗauka gaskiya kaf hwaɗi. Kai malami ne, ka hi ni karatu. Na ce ashe duk shekarun ga ɓarna nika yi ma mutane ban sani ba. Ba rashin ciniki yas sa nir ruhe shago ba. Tsoro nij ji. Tun rannan ban sake buɗe cikin kwamfuta ba, ko wayar ɗiyata in ta lalace sai in ba ta ta kai ma wani."

Duk shekarun nan ina zaton sunansa kawai na ɓata a bakin mutane, ban san har a wurinsa na ɓata shi ba. Ya ɗaga hannuwansa biyu, duk sun yi kanta, laka ta bushe a tsakanin yatsun, ya juya su gaba da baya yana dubawa.

"Ashe lahiya lau suke," ya ce.